Lambu: Ajin Malami Bayan Ritaya

A shekarar 2022 doka ta ɗaga shekarun ritayar malaman firamare da sakandare a Nijeriya daga 60 zuwa 65. Duk da haka, ranar ajiye alli tana nan tafe, zaman banza kuwa kan karya jiki. Ƙaramin lambu a bayan gida magani ne, kuma makaranta ce. A can mutum kan gane cewa tumatir ya fi albarka da hunturu, domin zafin bazara kan zubar da furensa kafin ya ƙulla 'ya'ya. Yakan koyi ban-ruwa da sassafe, kafin rana ta ƙafar da damshin ƙasa. Malamin da ya kafa lambunsa tun yana aiki, ranar ritaya ba zai rasa ajin shiga ba.