Haƙƙin Kamamme a Kan Waɗanda Ke Waje

Malamin firamare a Kibiya, ko ma'aikacin asibiti a Rano, idan ya ji a rediyo wai wata ƙungiya a Ingila ko Jamus ta aiko wa hukuma takarda tana neman a saki wani shugaban ma'aikata da aka tsare, galibi abin da yakan fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To, su kuma ina ruwansu?" Tambayar ba ta wauta ba ce, domin mun sha ganin shisshigin manyan ƙasashe wanda ba don Allah ba, amma wajibi ne a rarrabe tsakanin gwamnati mai neman maslaharta da ma'aikaci ɗan'uwan ma'aikaci, wanda ba shi da makami sai alƙalami da murya.

Malaman fiƙihu sun lissafa fansar kamamme a cikin farali kifaya, watau idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kowa ya noƙe kuwa laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. Hikimar a fili take, saboda wanda aka kulle ba ya iya kai ƙarar kansa, iyalinsa sun firgita, abokan aikinsa kowa na tsoron kada gobe a zo kansa, har ya zamana babu sauran mai ikon buɗe baki face wanda yake nesa, inda hannun mai zaluncin bai kai ba.

Mu kanmu mun ci moriyar wannan. A 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, an tsare shugabanta, Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ta Kano. Abin da ya fi wannan tsanani ya auku a 1994, yayin da ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a kan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993: aka kama Frank Kokori, babban sakataren ƙungiyarsu ta NUPENG, aka kai shi gidan yarin Bama a Borno, ya yi kusan shekara huɗu ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba, Dokta Beko Ransome-Kuti kuwa, likita mai fafutukar kare haƙƙin bil'adama, wanda aka kama a 1995, a kurkukun Katsina aka ajiye shi. A tsawon waɗannan shekaru Amnesty International, wadda aka kafa a Landan a 1961, da ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashe daban-daban, ba su gushe ba suna ambaton sunayensu, har Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta kafa kwamitin bincike a kan Nijeriya a watan Maris na 1998, matakin da ba safai takan ɗauka ba.

Sai dai kada a zarce a yabo. Duk kururuwar duniya ba ta hana a rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995 ba, kuma Kokori da Beko ba su shaƙi iska ba sai bayan rasuwar Janar Abacha a watan Yuni na 1998. Takarda ba ta karya kwaɗo. Fa'idarta ita ce, gandiroba da wanda ya ba shi umarni su sani cewa akwai masu ƙirga kwanakin mutumin nan, masu tambayar ko ya ga likita, ko an bar matarsa ta gan shi. Sa'an nan ranar da mulki ya sauya hannu, sabon shugaba ya tarar da sunayen a rubuce suna jiransa.

Al'amarin tamkar gayya yake a gonakinmu: wanda bai fita ta maƙwabci ba, kada ya sa ran a fito tasa. Nijeriya ta taɓa fita, domin a 1976 an buɗe asusun agajin kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa bayarwa daga albashinsu saboda waɗanda mulkin wariyar launin fata ya ƙuntata. Kano ce kuma, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta fara mayar da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a 1980, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Ba sai an haye teku ba ma. Ranar 3 ga Disamba, 2024, an kama Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, a gidansa a Yamai, ƙungiyoyin ƙetare suka yi ta kiran a sake shi. Ina roƙon rassan ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na Rano da Kibiya da Bunkure, duk sa'ad da suka zauna taro, bayan an gama batun albashi da ƙarin girma, su keɓe ɗan lokaci su karanta sunan wani kamamme irin wannan, su rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga hukumar da ke riƙe da shi, kowa ya sa hannu.