Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Kan "i9": Jan Hankali Ga Masu Tace Bidiyo Da Zane

Wani ƙanen abokina da ke ɗaukar bidiyon biki a Ƙauran Namoda ya yi shekara biyu yana tari, har da kuɗin adashi, don ya rabu da tsohuwar laftof ɗinsa mai kwana tana fitar da aikin awa ɗaya. Da kuɗi suka haɗu sai ya nufi Kano, ya shiga wani shago, ya ce a haɗa masa kwamfutar tebur wadda babu ta biyunta. Aka ce masa ai sai Core i9. Ya biya, ya ɗauro ta a kwali ya dawo. Ranar da na je ganinta da bazara ce, bayan azahar, shagon rufin kwano ne, ƙaramin janareto na ta kuka a bakin ƙofa. Ya loda bidiyon wani kamu, ya danna a fitar. Fankokin cikin akwatin suka ɗauki ruri, muryar janareton ta sauya, ƙwan shagon ya dushe, allo ya yi baƙi ƙirin. Ya tayar, ya sake dannawa, aka maimaita.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, anya ba jabu suka ba ni ba?"

Na duba, i9 ce ta gaske, sabuwa dal. Abin da mai shago bai tambaye shi ba, shi ma bai yi tunanin faɗa ba, shi ne wace irin wuta zai ba ta, kuma a wane ɗaki za ta zauna.

Matasanmu da yawa a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi yanzu da wannan sana'a suke cin abinci: bidiyon biki da na saukar Alƙur'ani, fastocin 'yan siyasa, katin gayyata, kalanda, haɗa sauti a situdiyo. Wasu sun koya a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, wasu a shagon ubangida. Duk wanda hannunsa ya fara faɗawa, burinsa babbar na'ura. Ba laifi ba ne. Amma kuɗin da ake magana a kai jarin mutum ne gaba ɗaya, don haka a yi lissafi tukuna.

Abin da ake kira furosesa wani ɗan fefe ne da bai kai tafin hannun yaro ba, shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikinsa akwai ma'aikata da ake kira kwa, kowanne na iya ɗaukar nasa aikin. Core i9-14900K na kamfanin Intel, wanda ya fito a Oktoban 2023, yana da 24: takwas ƙarfafa, goma sha shida masu taimako. Ryzen 9 7950X na AMD, na Satumban 2022, yana da 16, dukkansu ƙarfafa. Can sama kuma akwai Threadripper 7980X mai 64, wanda aka fitar da shi a kan dala 4,999, shi kaɗai, ba a zo maganar sauran kayan ba. Irin wannan na manyan kamfanonin fim da masu zanen gine-gine ne. In wani ya ce maka shi kake buƙata don bidiyon walima, kama aljihunka.

Inda aka fi cutar mutanenmu ma ba a saman nan ba ne, a kan suna ne. Mun saba da cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi ke nan. Wannan gaskiya ne kawai in duk zubi ɗaya ne. Lambar da ke bayan sunan ita ke faɗa maka shekarun abin. i7-4770 zubi na huɗu ne, na 2013, mai kwa huɗu. i3-12100 zubi na goma sha biyu ne, na 2022, shi ma mai kwa huɗu, kuma ya fi wancan i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba. Mai shago zai nuna maka sitika mai sheƙi ya ce "i7 ce, oga," kuma bai yi ƙarya ba, ya dai ɓoye maka cewa tsohuwa ce da ta haura shekara goma. Ga wata matsalar a kai: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar furosesan Intel da bai kai zubi na takwas ba, sai 'yan tsiraru. Haka nan a kula da masu tallar Xeon mai kwa goma sha biyu ko sha huɗu a kan araha. Yawancinsu an ciro su ne daga tsofaffin na'urorin kamfanoni, kwa ɗin da yawa amma kowanne tafiyar hawainiya yake.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata ta zo kafin kowace: me kake yi da ita tun safe har dare? Mai zanen fasta da katin biki a CorelDRAW ko Photoshop, mafi yawan abin da yake dannawa kwa ɗaya ko biyu ne ke yin sa. Saurin kwa guda ya fi masa amfani a kan yawansu. In ya sayi mai 24, yawancinsu zaman kashe wando za su yi, shi kuma ya biya kuɗinsu. i5 ko Ryzen 5 na zubin kwanan nan ya ishe shi har ya yi saura. Mai tace bidiyo a DaVinci Resolve, nauyin aikinsa ya fi sauka a kan katin hoto, wato girafik kad. Ya zuba duk kuɗinsa a furosesa ya bar kati mara ƙarfi, kamar ya sa injin tirela ne a kan tayar Keke Napep. Mai Premiere Pro yana amfana da duka biyun, kuma kamfanin Adobe da kansa ya ba da shawarar ram mai gigabait 16 don bidiyon HD, 32 ko fiye don 4K. Wanda kawai zai ci moriyar kowane kwa shi ne mai zanen 3D a irin su Blender, ko mai fitar da dogayen bidiyo a jere kullum. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko kana cikinsu. Bidiyon da za a tura wa dangin amarya ta WhatsApp, wanda manhajar za ta matse shi ta rage masa kyau kafin ya isa, bai cancanci na'urar miliyoyi ba.

Akwai wani ɗan harafi da ke sa mutane asara ba su sani ba. Furosesan Intel da sunansa ya ƙare da F, kamar 14700KF ko 12400F, ba shi da sashen hoto na cikin gida. Ya fi araha kaɗan, masu wasan gem suna son sa. Amma a cikin wancan sashen ne Quick Sync yake, wanda ke warware bidiyon H.264 da HEVC, irin wanda kyamarori da wayoyinmu ke ɗauka, ya sa ya yi ta tafiya sumul a kan layin tacewa. Mai tace bidiyo da ya zaɓi F don rage 'yan dubbai ya yi arahar da za ta dame shi kullum.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta kayar da ƙanen abokina. Intel ta rubuta cewa 14900K na iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Ƙara katin hoto mai cin wat 200 ko fiye, ƙara allo da sauran kayan ciki, ka ga an doshi wat 600 a lokacin fitar da aiki. Ƙaramin janareton nan da muke zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, abin da aka rubuta a jikinsa bai kai wat dubu ba, abin da yake bayarwa a zahiri kuma ƙasa da haka ne, ga fanka da ƙwai da cajin wayoyin maƙwabta duk a kansa. Wutar Kaduna Electric kuwa kowa a yankin nan ya san yadda take zuwa da yadda take tafiya. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace awa da janareto ya yi yana aiki daga ribarka ake cire ta. In sola gare ka, lissafin ya fi zafi: na'ura mai cin wuta haka na nufin ƙarin faranti, ƙarin batir, babbar inbata, kuɗin da zai iya kamo na kwamfutar kanta.

Alhali akwai hanya. AMD na da Ryzen 9 7900, wanda babu X a ƙarshensa, mai kwa 12, an tsara shi a kan wat 65. Manyan nasu ma ana iya sa su a yanayin tsimin wuta daga cikin BIOS, wato shafin saitin na'urar, su rage ci sosai, saurin da za a rasa kaɗan ne. Na Intel ma ana iya ƙayyade musu iyaka. Ƙaramar Mac mini mai M4 da Apple ya fitar a ƙarshen 2024 ba ta kai wat 100 ko ana tsakiyar aiki, sai dai ba a ƙara mata ram bayan an saya, kuma in ta lalace samun mai gyara a kusa aiki ne. Ni dai a ganina, ga mai shago a Shinkafi ko Zurmi, na'urar da za ta gama aiki a minti ashirin a kan sola ta fi wadda za ta gama a minti goma sha biyar amma sai an tayar da babban janareto.

Zafi shi ma abokin gaba ne. Alƙaluman saurin da kake gani a YouTube, a ɗaki mai na'urar sanyi aka gwada su, a Amurka ko Jamus ko Taiwan. Furosesa in ya kai iyakar zafinsa, digiri 100 ga wannan i9 ɗin, 95 ga 7950X, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40 a arewacin Zamfara, ƙarƙashin kwano, zai kai wannan iyaka da wuri, sai ka ga i9 na aikin i5. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fanka da ragar sanyaya. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin kwamfutar da ta yi hunturu ɗaya a shagon bakin titi ya san abin da nake nufi: ƙura ta yi kirtani kamar auduga. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa hure shi da abin busa iska a kai a kai, a sayi fanka mai kyau tun farko. Masu sanyaya da ruwa suna da kyan gani, amma famfonsu in ya mutu babu inda za ka samu a Ƙaura. Babbar fankar iska ba ta da abin lalacewa sai farfela.

Yanzu ga gargaɗin da na fi so a riƙe. A Yulin 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa furosesoshinsa na tebur na zubi na 13 da na 14, musamman manyan, i7 da i9, suna da matsala: suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, wannan kuma na cin su a hankali har su fara rufe manhaja ba dalili ko su kawo shuɗin allo. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a Agusta da Satumba na shekarar, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sai dai gyaran rigakafi ne kawai. Wanda ya riga ya ciwu ba ya warkewa. To ina kake jin irin waɗannan za su ƙare? Kayan da Turai da Amurka suka gaji da su, a kasuwanninmu suke sauka da sunan "na hannu mai tsabta." A ido ba za ka gane ba, zai tashi lafiya, ya buɗe Windows lafiya, sai ka sa shi aiki mai nauyi ya nuna hali. Wanda zai sayi 13900K ko 14900K na hannu ba tare da gwaji mai tsawo da rubutacciyar yarjejeniyar mayarwa ba, kifi ya saya a ruwa. Wanda kuma yake da shi a yanzu, ya nemi wanda ya iya ya sabunta masa BIOS, kada ya jira.

Gwajin ba wuya gare shi ba, naci yake so. Kada ka yarda da sunan da Windows ta nuna maka a shafin bayanin na'ura, ana iya sauya wannan rubutun cikin minti biyu. Ka tafi da filasha mai ɗauke da CPU-Z da HWiNFO da Cinebench, duk kyauta ne. Na farko zai faɗa maka ainihin sunan furosesa da zubinsa. In ka ga ES a wurin, samfurin gwaji ne da ba a yi shi don sayarwa ba, babu garanti, ajiye musu kayansu. Ka kunna Cinebench ya yi aƙalla minti talatin kana kallon zafi a HWiNFO. Sannan ka yi abin da ya fi duk waɗannan: ka sa bidiyonka na gaske, wanda kyamararka ta ɗauka, ka tace, ka fitar, ka duba agogo. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan, ka gode masa ka shiga na gaba. Daga Beirut Road a Kano zuwa Zurmi ba nan kusa ba ne, kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ko ta Gusau ka bi ko ta Jibiya. Ba tafiyar da za ka so ka maimaita ba ce da akwati a cinya don mayar da kaya.

Ka tuna kuma furosesa ba ya tafiya shi kaɗai. Kowane iri da gurbin da yake zama a kan madabod: zubi na 12 zuwa 14 na Intel LGA1700, sababbin Core Ultra LGA1851, Ryzen 7000 da 9000 kuma AM5, wanda ba ya karɓar ram sai DDR5. Tsohon madabod ɗinka da tsohon ram ɗinka ba lallai su yi ba. Ka sa kuɗin SSD a lissafi, da akwatin wuta na kirki, da UPS ko stabilaiza, da faifai na biyu na ajiyar aikin mutane, don amarya ba za ta sake yin kamu saboda faifanka ya mutu ba. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, ya kamata mu fi kowa tunanin manhajar da ke aiki ko babu intanet. DaVinci Resolve tana da sigar kyauta da ba ta neman kuɗin wata.

Ƙanen abokin nawa dai ba mu sayar da tasa ba. An sabunta BIOS, an ɗaure furosesan a wat 125, an ɗaga akwatin kan tebur kusa da taga, ya koyi yin ƙananan kwafin bidiyo don tacewa, ya bar fitar da aiki sai da dare in gari ya yi sanyi. Tana aiki yanzu ba ta mutuwa. Amma gudun da take yi a haka, da i7 ko Ryzen 7 ya saya da ya same shi ko kusa da shi, ragowar kuɗin kuma da sun isa batir da farantin sola.

Ɗan'uwa, ranar da za ka tafi saye, ka rubuta abu uku a takarda ka sa a aljihu: manhajar da kake aiki da ita, irin bidiyon da kyamararka ke ɗauka, da wat nawa janaretonka ko inbatarka ke bayarwa. Ka miƙa wa mai shago kafin ya fara lissafo maka sunaye.