Daga Astana Zuwa Gindin Bishiyar Dayi: Kada Mu Bar Dara Ta Mutu

Ranar 30 ga Afrilu, 2023, a birnin Astana na Kazakistan, Ding Liren na ƙasar Sin da Ian Nepomniachtchi na Rasha suka zauna raba gardama kan kambun duniya na wasan ces. Muna ce masa darar Turawa, alhali daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya shiga Turai.

Gwanayen biyu sun buga wasa 14 aka tashi bakwai da bakwai, sai aka koma wasan sauri: kowa minti 25, da ƙarin daƙiƙa 10 duk motsi. Idan agogonka ya ƙare ka faɗi, ko da kai ke da rinjaye. Uku na farko duk canjaras. A na huɗu lokaci ya kusa ƙure wa Ding, ga kuma hanyar sake yin canjaras a buɗe, amma ya ƙi bin ta. Ya ci gaba da wasa, ya yi nasara, ya zama namiji na farko daga Sin da ya ɗauki wannan kambu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a garin Dayi bayan an kai masara da dawa rumbu ya san irin wannan tunani. Ramuka a ƙasa, 'ya'ya goma sha biyu kowane ɓangare, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Kafin ka jera uku ka ci, sai ka hango inda abokin karawarka zai taka sau biyu ko uku nan gaba. Abin takaici, dattawa ne suka rage a wajen. Samari sun koma cacar ƙwallo a waya, inda ba lissafi sai asara.

Malamai sun yi saɓani kan ces, amma sun haɗu a kan cewa wasan da aka sa kuɗi, ko ya hana salla, haramun ne. Wannan iyaka ce da dole a kiyaye.

Wani mai suna Tunde Onakoya ya soma koyar da ces ga yaran unguwannin talakawa a Legas tun 2018. Mu kuwa darar ma ba sai an saya ba. Malaman makarantun Dayi da Malumfashi, ku gayyato dattawan da suka iya su koya wa yara, ku sa musu gasa da agogo a ranakun wasanni.