Halimatu, 'Yar Kaduna da Ta Ɗaure Tauraruwar Ingila

Ranar Litinin, 7 ga Agustan 2023, da ƙarfe takwas da rabi na safe agogon Najeriya, aka take wasa tsakanin Najeriya da Ingila a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya, a zagaye na biyu na gasar cin kofin duniya ta mata. A nan Batsari da Safana damina ta yi tsakiya, duk wanda tsoron ɓarayin daji bai hana shi fita ba yana gona. Gidajen kallon ƙwallo kuwa ba su saba buɗewa da sassafe ba, balle a kan wasan mata. Ba na jin mutane da yawa a yankinmu sun ga abin da wata haifaffiyar Arewa ta yi a wannan safiya.

Ingila ce ke riƙe da kofin Turai a lokacin, kuma tana taƙama da wata yarinya mai shekara 21, Lauren James ta Chelsea, ƙanwar Reece James ɗin nan da masu kallon Firimiya suka sani. Kwana shida kafin nan Ingila ta lallasa China da ci 6 da 1, Lauren ta ci biyu da ƙafarta, ta kuma bayar an ci uku. Duniya duk maganarta ake yi. Kocin Najeriya, Randy Waldrum, bai ɓata lokaci wajen ƙirƙiro wata dabara mai sarƙaƙiya ba. Ya ɗauko 'yar wasa ɗaya ya ce ga aikinki. Wannan 'yar wasa ita ce Halimatu Ibrahim Ayinde.

Duk inda Lauren ta sa ƙafa, Halimatu na nan. Lauren ta koma baya neman ƙwallo, Halimatu ta bi ta. Ta zille gefe, ta tarar da ita a can. Idan an miƙo mata ƙwallo, kafin ta juya an riga an tsaya mata a ƙeya. Yarinyar da ta saba wasa da masu tsaron baya sai ga ta tana yawo a fili kamar baƙuwa a gidan biki. A ɗaya ɓangaren kuma Najeriya ce ke kai hari, har sau biyu ƙwallo na dukan ƙarfen raga, ɗaya daga ƙafar Ashleigh Plumptre, ɗaya daga kan Uchenna Kanu. A minti na 87 zuciya ta ɗebi Lauren, ta taka bayan Michelle Alozie tana kwance a ƙasa. Alƙaliyar wasa ta fara ɗaga mata katin gargaɗi, aka kira ta ta duba na'urar VAR, ta dawo ta ɗaga ja. An tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, Ingila ta tsira a bugun fenariti da ci 4 da 2, ta wuce har wasan ƙarshe.

Hoton da ya zaga duniya na Alozie ne, tana kwance ta ɗago kai cikin mamaki. Amma wadda ta shafe sama da minti tamanin tana ƙuntata wa Lauren har ta fusata, hotonta bai je ko'ina ba. Haka aikin mai tsaron tsakiya yake: idan ta yi shi da kyau, abin da mai kallo zai lura da shi kawai shi ne wance yau ba ta taɓuka komai ba.

An haifi Halimatu a Kaduna ranar 16 ga Mayun 1995. Ayinde sunan Yarbawa ne, amma Kaduna ta daɗe da zama garin kowa. Tana 'yar shekara huɗu Super Falcons, babbar tawagar mata ta Najeriya, suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 1999 a Amurka, inda Brazil ta fitar da su da ƙyar, 4 da 3. A shekarar 2000 kuma gwamnatin Zamfara, maƙwabciyarmu da dajin Rugu ya haɗa mu, ta haramta ƙwallon mata a jihar. A tsakanin waɗannan labarai biyu yarinyar ta tashi. A yawancin garuruwanmu ma ba a buƙatar wata doka. Yarinya na iya buga ƙwallon tsumma da ƙannenta a tsakar gida, amma da ta fara tasawa magana ta ƙare. Iyayen da ke hanawa suna da hujjojinsu na sutura da cuɗanya da maza da maganar aure, kuma ban ɗauki waɗannan a matsayin wasa ba. Sai dai sakamakon a fili yake: manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar nan, irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Pelican Stars, a Kudu suke, kuma mai son wannan sana'a sai ta bar gida.

Halimatu ta bar gida. A Delta Queens ta yi suna, daga can aka kira ta tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je gasar kofin duniya a Kanada a 2014. Tawagar ta kai wasan ƙarshe a Montreal, Jamus ta doke ta da ci ɗaya tilo a ƙarin lokaci. Asisat Oshoala ce ta kwashe kyaututtukan gasar, kuma ta cancanta, amma Halimatu na cikin masu ƙwato ƙwallon da ake tura mata. Wata biyu bayan nan ta ɗaga kofin Afirka da babbar tawaga a Namibiya.

Daga nan sai yawon neman abinci. A 2015 ta tafi Western New York Flash a Amurka, zaman bai yi tsawo ba, aka sallame ta a shekarar da ta biyo baya. Ta nufi FC Minsk a Belarus. A 2018 ta sauka Sweden, a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Asarum da ke rukuni na biyu. Mace ce da ta riga ta buga kofin duniya, ta ci kofin Afirka, amma ta yarda ta sake farawa daga ƙasa a wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi. Shekara ta zagayo Eskilstuna United ta rukunin farko ta ɗauke ta, a 2022 kuma ta koma Rosengård ta birnin Malmö, ƙungiyar da ta fi kowace cin kofin mata a ƙasar. 

Kada a ɗauka rigar ƙasa ta zo da daɗi zalla. A 2016, bayan Super Falcons sun doke Kamaru a gidanta sun ɗauko kofin Afirka, sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja, suka ƙi fita, kafin a biya su haƙƙinsu. Irin wannan rigima ta sake tasowa a Faransa a 2019.

Ranar da ta fi kowace ɗaci a gare ta ita ce 18 ga Yulin 2022, a Rabat. Wasan kusa da na ƙarshe ne na kofin Afirka da Maroko mai masaukin baƙi, gaban 'yan kallo fiye da 45,000. Minti uku kacal da dawowa daga hutun rabin lokaci, bayan an duba VAR, aka ba Halimatu jan kati. A minti na 71 aka kori Rasheedat Ajibade ita ma. 'Yan wasa tara suka rage, suka riƙe sha ɗaya har ƙarshen ƙarin lokaci ana 1 da 1, ana ta haska musu fitilar leza a ido daga cikin 'yan kallo. Maroko ta yi nasara a fenariti, 5 da 4. Hukuncin katin ya bi Halimatu har Ostareliya, domin a benci ma ba ta zauna ba a wasan farko da Kanada. Sai a wasa na biyu ta shiga, ranar da Najeriya ta doke mai masaukin baƙi 3 da 2. Watau lokacin da aka ɗora mata tsaron Lauren James, ta san sarai abin da taku ɗaya na ganganci ke jawowa. Ta yi aikin da ya fi kowane saurin jawo kati, ta gama lafiya, wadda take tsaro ce aka kora.

Rauni ya hana ta zuwa gasar Olamfik ta Paris a 2024, wadda Najeriya ta samu gurbin shiga bayan shekara 16 rabonta da ita. Ga mai shekara 29 a wannan sana'a, irin wannan jinya kan zama sallama. Ta warke, ta koma fili, kuma da koci Justine Madugu ya fitar da sunayen waɗanda za su je kofin Afirka a Yulin 2025, nata na ciki. Gasar kuwa a Maroko aka sake yin ta.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 26 ga Yuli, a Rabat, da Maroko. Kafin minti 25 masu gida sun zura biyu, ta biyun daga Sanaa Mssoudy, wadda ita ce ta farke wa Najeriya a 2022. Aka tafi hutu 2 da nema. Bayan an dawo Esther Okoronkwo ta ci fenariti, Folashade Ijamilusi ta farke, saura minti biyu a tashi Jennifer Echegini ta zura ta uku. Kofi na goma ke nan ga Najeriya. Da suka dawo Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar ba kowace 'yar wasa lambar girma ta OON, da gida mai ɗaki uku, da kuɗi kwatankwacin dala 100,000. Halimatu na da shekara 30 a ranar, shekara 11 bayan kofinta na farko a Namibiya.