Chike Da Kogin Kwara: Littafin Da Zai Saba Wa Ɗanku Da Turanci

'Yan'uwa iyaye na Talata Mafara da Bakura da Maradun, sau da yawa mukan ji kukan cewa yaro ya gama firamare amma ba ya iya karanta shafi guda na Turanci. Alhali kuwa da Turancin nan ne zai rubuta jarrabawar WAEC, da shi ne kuma zai ɗauki darasi in Allah ya kai shi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Haddar nahawu kaɗai ba ta isa ba, sai yaro ya sami labarin da zai ja shi.

Saboda haka muke ba ku shawarar Chike and the River, wanda marigayi Chinua Achebe ya wallafa a 1966. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 11 da ya bar ƙauyensu ya koma wurin kawunsa a Anacha. Babban burinsa shi ne ya haye kogin Kwara zuwa Asaba a jirgin fito, amma ba shi da sule guda na zuwa da dawowa. Wani boka ya yi masa alkawarin ninka ɗan abin da ke hannunsa, ya cuce shi. Sai da ya wanke motoci da guminsa ya sami kuɗin. Abin da ya tarar a tsallake kuwa, mun bar wa mai karatu.

Me ya sa muka zaɓe shi? Babobinsa gajeru ne, kalmominsa na yau da kullum. Yaron da ya taso kusa da madatsar ruwa ta Bakolori ya san kwalekwale da kasuwa da marmarin tsallake ruwa, don haka ba baƙon abu ba ne zai karanta, harshen ne kawai sabo.

A karanta babi guda kowace yamma da babbar murya. Kada a tsaya kan kowace kalma. Yaro ya rubuta biyar da suka gagare shi, sa'an nan ya maimaita labarin da Hausa. Ko uwar da ba ta jin Turanci za ta gane ko ya fahimta. In kuɗi ya yi wuya, gidaje uku su haɗa su sayi guda, su riƙa karɓa-karɓa.

Da sannu akan haye kogi. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.