Jira Ba Zaman Banza Ba Ne

'Yan'uwana mata Kirista na Katsina, wata tana jiran haihuwa, wata sakamakon jarrabawa, wata kuwa maigida ne ya bi hanyar Jibiya, gabanta sai faɗuwa yake yi. To, kada fargaba ta cinye miki bangaskiya.

Ki tuna Saratu sai da ta shekara 90 ta haifi Ishaku. Hannatu ta sha gorin kishiya, amma ba ta fasa addu'a a Shilo ba, har ta sami Sama'ila.

Kowace safiya ki karanta Littafi Mai Tsarki. Ranar Zumuntar Mata ki faɗi damuwarki, a taya ki addu'a. Ki kuma leƙa maƙwabciyar da jiranta ya fi naki tsawo.

Allah ya ƙara mana haƙuri, amin.