Man suya ba ya tafasa, amma ya fi tafasasshen ruwa zafi

Kafin mai ƙosai ta jefa ƙullun farko a kasko, ka dubi saman man da kyau. Zai fara ƙyalli, sannan ka ga zare-zare na yawo a cikinsa, nan na tasowa, can na nutsewa. Man da ke gindin kasko ne ya fara ɗaukar zafi, nauyinsa ya ragu, ya yo sama. Na saman da ya ɗan huce ya fi shi nauyi, sai ya gangara ya maye gurbinsa. Haka za su yi ta kewayawa muddin wuta na ci.

A 1900 wani masani Bafaranshe, Henri Bénard, ya shimfiɗa narkakken kitse mai zurfin kusan milimita ɗaya a kan faranti mai zafi, ya ga ya rarrabu gida-gida masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma: mai zafi na fitowa ta tsakiyar kowane gida, mai sanyi na sauka ta gefe. A 1916 Lord Rayleigh na Ingila ya yi lissafin abin, ya nuna cewa kewayawar ba ta farawa sai bambancin zafin ƙasa da na sama ya kai wani mizani, kuma kaurin abu na danne ta.

Ruwa na tafasa a digiri 100, da kumfa da ƙara, kowa ya san ya kauce. Mai kuwa shiru yake yi, alhali ana suya da shi a tsakanin digiri 170 da 190. Wannan ƙyallin da yawon zaren su ne gargaɗinsa. In ya fara hayaƙi, a rage wuta nan take. In ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa masa ruwa, domin ruwa ya fi mai nauyi, zai nutse ƙasa, ya zama tururi, ya kumbura ninki kusan 1,700, ya watso mai da wuta a fuskar mai kashewa. A kashe gas ko a janye itace, a kife murfin ƙarfe a kan kaskon, a bar shi ya huce.

Kunu da koko su ne iyaye suka fi rainawa, kuma bai kamata ba. Kaurinsu na hana zafi kewayawa, shi ya sa ƙasan tukunya ke kamawa, tururi ya taru ya fashe ya fallatso a hannu. Ko bayan an sauke, sama na yin fata ya huce, ciki na nan da zafinsa. Uwa ta juya da ludayi har ƙasa, ta ɗiga a bayan hannunta kafin ta ba yaro.

In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara. Kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Ƙunar da ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.